Takardar Maƙoshin Gwaggo

Gwaggo Tasalla ta Bagalam,
wadda ke murza gyaɗa har ta yi hawayen mai,
bara ta soma cin tuwon mutum uku
tana ramewa kamar karan dawa bayan girbi.
Zani ya daina zama a ƙugunta.
Zufa da asuba, zufa ko ana ruwa.
Ludayi na rawa a hannunta,
rabin man a kwalba, rabi ƙasa ta sha.
Idanunta suka yo waje
kamar tana hango abin da ya fi ƙarfin ganinmu.

Maƙwabta suka ce kambun baka ne.
Wata ta ce iska ce, a kai ta Tibiri.
Ita dai cewa take:
akwai wani makaɗi cikin ƙirjina,
ba biki, ba suna, ya ƙi ajiye gula.

Ranar da likita ya cire maƙoƙon
ni ke aiki a ɗakin gwaji.
Tsokar ta iso hannuna da sauran ɗuminta.
Na yanki ɗan mitsitsi, bai kai gujiya ba,
na binne shi cikin ƙanƙara,
na rubuta lamba inda ya kamata in rubuta Gwaggo,
motar Yamai ta tafi da shi.

Sai da gulbi ya kawo, ya janye,
aka shuka tumatir a gurbinsa,
kafin takarda ta dawo.
Ba rubutu ne da yawa ba, zane ne,
gida-gida, ja da shuɗi,
kamar tabarmar da masaƙi ya yi cikin fushi.
Jan ya yi yawa a gefe guda.

Na same ta a zaune bakin turmi.
Na ce, Gwaggo, kowace ƙwayar jikinki
tana ɗauke da kundi iri ɗaya,
wanda Inna da Baba suka haɗa suka ba ki.
Ba a goge ko wasali ba.
Sai dai wasu shafuka a hankali ake karanta su,
wasu a rufe suke sai ranar buƙata.
A maƙoshinki an buɗe na hura wuta,
ana ta rera su dare da rana,
babu mai cewa a tashi haka nan.
Jan nan, su ne masu ɗaga murya.
Shuɗin, waɗanda aka sa suka yi shiru.

Ta ce, wa ya ba su izini?

Na ce, mai gadin gidanki.
Garkuwar da ke korar miki cuta
ita ta ƙera makulli irin na maigida,
ta zura a ƙofar maƙoshi, ta murɗa, ta ƙi zarewa.
Ma'aikata suka ɗauka saƙo ne daga sama,
suka yi ta niƙa
kamar injin Sabon Gari daren jajibere.

Ta daɗe tana duban takardar a juye.
Ta ce, ashe ɓarawon da muke nema a waje
da tuwona ya girma.
To me na yi masa?

Nan karatuna ya ƙare.
Injin da ya ƙirga dubban shafuka
ya san wanda aka buɗe,
bai san abin da ya ɓata wa mai gadi rai ba.

Yanzu ƙwaya guda take haɗiya kafin koko,
ƴar ƙarama kamar ƙwayar gero,
tana yin aikin naman da aka cire.
Tabon ya kwanta a wuyanta kamar siririyar sarƙa.
Jiya na ga ta cika kwalba har baki,
ko ɗigo bai zuba ba.

Ni kuwa, da yake kundinmu ya yi tarayya,
wani dare idan an ɗauke wuta
nakan kai yatsu biyu wuyana,
in haɗiyi yawu,
in saurara.